BABUR A SAMA, MUTANE A ƘARƘASHI: WANNAN GANGANCI YA ISA HAKA

Yau magana ce a kan wani abu da idonmu ya saba da shi har ya daina ba mu tsoro: ɗora babur a bayan motar a-kori-kura, da mai a tankinsa, tare da mutane a jibge kewaye da shi. Ra'ayina a fili yake tun daga farko. Babur kaya ne mai nauyi kuma mai ɗauke da wuta. Ko dai a ɗaure shi yadda ya kamata, a zare masa mai, a nisanta shi da jikin mutane, ko kuma kada a ɗauke shi sam. Wanda ya karɓi kuɗin babur ya ɗora shi a kan ƙafafun bayin Allah, ya sayar da lafiyarsu ne ba tare da ya shawarce su ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa tasha ranar kasuwa da la'asar ya san yadda abin yake. Tsohuwar Hilux ko Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, wani lokaci ma Peugeot 504 wadda ta girmi direbanta, za ta nufi Urafan ko Korgom ko Hawandawaki, ko ta tashi daga Mayahi zuwa Kanan Bakashe ko Gidan Amumun. A ƙasa buhunan hatsi da na wake. A kansu mata da goyo, tsofaffi, yara, wani lokaci da akuya ko biyu. A gefen bodi samari sun jera ƙafafu a waje. Sai a ƙarshe, bayan an gama lodi, wani ya turo babur ɗinsa. Kamasho ya dubi direba, direba ya dubi motar da ta riga ta durƙusa, sai ka ji an ce "akwai wuri". A ciccibi babur a cusa shi tsakanin mutane, ko a kwantar da shi bisa buhuna, a zagaya masa igiyar roba sau biyu, karen mota ya ce, "Baba, dan Allah riƙe mamu kan nan, ba nisa." Shi ke nan, an tashi.

Ban ce a daina ɗaukar babur a mota ba. Mu da muke zaune a wannan yanki mun san buƙatar. Babur yakan mutu a tsakiyar rairayi, inda babu bakanike sai an kai shi gari. Wani ya sayo nasa a Maradi, bai iya tuƙin babbar hanya ba tukuna. Wani ya dawo daga cin rani a Najeriya da abin hawan da ya tara wa kuɗi shekara biyu. Wani ɗan kabu-kabu ne, sarka ta tsinke masa a ƙauye, kuma da wannan babur yake ciyar da gidansa. Da damina kuma, idan ruwa ya kwanta a kwarin Gulbin Kaba, akwai wuraren da mota mai ƙarfi kaɗai ke ratsawa. Duk wannan gaskiya ne. Rigimata da yadda ake ɗaukar ne, da kuma waɗanda ake sa wa wuya a ƙarƙashin abin da ba nasu ba.

Mu fara da nauyi. Irin baburan da suka cika hanyoyinmu, su Kasea da Haojue da Boxer, kowannensu yana kai kilo 100 zuwa 120. Wato ya fi buhun gero mai kilo 100. Sai dai buhun gero laushi gare shi, kuma inda ka aje shi nan yake zama. Babur ƙarfe ne mai tayoyi, an ƙera shi ne don ya gangara, kuma ko'ina a jikinsa tsini ne: kan babur, hannun birki, wurin sa ƙafa, sandar tayarwa, madubi. Idan mota na tafiyar kilomita 60 a awa ta daki wani abu ta tsaya cak, duk abin da ba a ɗaure ba yana ci gaba da wannan gudun. Masu lissafi sun auna, ƙarfin da zai bugi abin da ke gabansa daidai yake da a sako shi daga tsawon mita 14. Ku kwatanta a ranku: rijiya mai zurfin gaba takwas, kana ƙasa, a sako maka babur daga bakinta. To abin da ke jiran matar da ke zaune tsakanin babur da kan mota ke nan.

Ba sai an yi karo ba ma. Jaki ya tsallako hanya, amalanke ta fito daga gona ba zato, yaro ya biyo awaki, direba ya taka birki da ƙarfi. A Turai, ƙa'idar ɗaure kaya a mota ta ce dole ɗaurin ya iya riƙe kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan idan suka yunƙura gaba, da rabin nauyinsu idan suka yunƙura gefe. A babur mai kilo 110, wannan na nufin kusan kilo 90 ne ke fizgowa gaba a birki guda. Wane dattijo ne zai tare kilo 90 da hannu ɗaya, yana zaune bisa buhu, ɗaya hannun yana riƙe da hularsa? Wanda ya ce "riƙe mani" ya san ba za a iya riƙewa ba. Yana so ne kawai ya ji ya ɗora wa wani nauyin abin.

Sai igiyar roba, wadda ake yankowa daga tsohon tib na taya. Tana da amfaninta, ta ɗaure kwali a bayan keke ko jarka a amalanke. Amma roba miƙewa take yi, kuma aikin ɗauri shi ne hana motsi. Duk ramin da mota ta faɗa, babur zai ja robar ya dawo, ya ja ya dawo, har ƙarfen bodi ya ci ta. Rana kuma ta riga ta gasa ta, ta yi tsatstsage. Ranar da za ta tsinke ba ta sallama. Haka masu kafa babur a kan jakinsa su ce ya tsaya daram. A ƙasa mai tauri ya tsaya. A bodin motar da ke tsalle a kan burji, jakin naɗewa yake yi ko ya zame a kan ƙarfe, babur ya kife a kan duk wanda ke kusa.

Ita kanta motar fa? Hilux an yi ta ne ta ɗauki kimanin tan ɗaya a bayanta. Ku yi lissafi da kanku: mutum 20, kowane a ce kilo 60, an riga an kai kilo 1,200, ba a sa buhu ko ɗaya ba. A ƙara buhu biyar, a ƙara babur. Kuma saboda babu wuri a ƙasa, sai a ɗora babur can sama, ko a rataya shi a ƙofar baya rabinsa na lilo a waje. Nauyin da ke sama shi ke kifar da mota idan taya ɗaya ta nutse a yashi ko an sha kwana da gudu. Nauyin da ke can baya kuma yana ɗaga gaban mota, tayoyin gaba su daina kama ƙasa sosai, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannun direba. Direbobinmu sun fi ni sanin wannan, suna jin shi a hannunsu kullum.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi tayar mini da hankali, wato mai. Tankin waɗannan babura yana cin lita 10 ko fiye. Babur an yi shi ne ya tsaya a tsaye. Da zarar an kwantar da shi ko an karkata shi, mai yakan tsiyayo ta murfin tanki da ta kafireta, ruwan batir ma yakan zubo, ga shi yana cin tufa yana ƙona fata. Man fetur kuwa ba ruwansa ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne, kuma yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. To ina ga watan Afrilu da Mayu a nan, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa? Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasan bodi, tsakanin buhuna da zannuwan mata. Abin da ya rage tartsatsi ne kawai. Ga salansar babur da aka kashe yanzu-yanzu tana ƙuna. Ga wayar batir da aka naɗe da leda. Ga saurayin da ke gefe ya kunna sigari. Kuma sau nawa muke ganin jarkokin mai a cikin wannan lodin, na masu kai wa ƙauye su sayar a kwalba?

Mun ga abin da fetur ke yi, ba labari aka ba mu ba. A daren 5 zuwa 6 ga watan Mayu na 2019, tankar mai ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, mutane suka taru suna kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 55 suka rasu. Shaidu sun ce wani mai babur ne ya matso bai kashe injinsa ba. A watan Oktoba na 2024, a garin Majiya na jihar Jigawa, irin wannan ta ci sama da mutum 150. Allah Ya jiƙansu. Wani zai ce ai waccan tanka ce, wannan lita 10 ce kawai. Lita 10 a tsakiyar mutum 20 da suka matsu har ba mai iya miƙe ƙafa, da yadin roba a jikinsu, da mota tana gudu iska na hura wutar, ta isa ta mayar da gidaje da yawa gidan makoki. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, watsa ta yake yi. Kuma a cikin motocin nan, nawa ne ke da tukunyar kashe gobara mai aiki?

Idan abin ya faru, ina za a kai su? Ƙaramin asibitin ƙauye zai wanke ciwo ya sa bandeji. Karayar ƙugu, fashewar kai, ƙuna mai yawa, waɗannan sai Tasawa ko Mayahi, kuma sau da yawa daga can a ce sai Maradi. Daga Tasawa zuwa Maradi wajen kilomita 120 ne, daga Mayahi ta Cadawa kusan 90, ban da tafiyar da aka riga aka yi cikin rairayi. Kuɗin mai na motar asibiti, kuɗin hoto, kuɗin magani, abincin mai jinya, duk a kan iyalin wanda ya ji ciwo. A sayar da tunkiya, a sayar da hatsin da aka aje don bazara, wani har gona yake jinginarwa. Mai babur kuwa ya ɗauki abinsa, ya sa sabon madubi, ya ce Allah Ya kiyaye gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya duk shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Irin wannan lodin namu yana cikin dalilan.

Na san abin da direbobi za su ce, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. Za su ce mai da tsada, taya da tsada, kayan gyara da tsada, mai mota na jiran balas da yamma, kuma kuɗin babur ɗaya ya fi na fasinja. Gaskiya ne. To amma wannan hujjar a kanku take komawa. Tunda babur ya fi mutum kawo kuɗi, ai ya biya kuɗin wurinsa. Ku ba shi wurin, ku rage mutum uku ko huɗu su jira mota ta gaba. Abin da kuke yi yanzu shi ne sayar da wuri ɗaya sau biyu, ga mai babur da ga wadda babur zai danne. Wannan ba neman halak ba ne, kwaɗayi ne, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. Ranar da abin ya ɓaci, motar da kuke tattali za ta kwana a hannun jandarmomi, ku kuma kun san sauran.

Wasu za su ce tun muna yara haka ake yi, ba abin da ya faru. Wanda ya faɗi haka yana ƙirga waɗanda suka sauka lafiya ne. Waɗanda ƙarfe ya farke wa ƙwauri, da waɗanda salansa ta ƙona, da tsohuwar da ta koma gida da ciwon baya ta ce sanyi ne, ba wanda ya rubuta sunansu, don ba a kai magana ko'ina ba. An ce "tsautsayi ne", an yi haƙuri saboda zumunci. Rashin ƙara ba ya nufin rashin ciwo.

Sai masu cewa komai ƙaddara ce, Allah ke tsarewa. Lalle Allah ke tsarewa, ba mai jayayya. Amma kowa ya ji a wa'azi yadda aka umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa tukuna sannan ya yi tawakkali. Abin mamaki, mai wannan magana shi ne yake sa wa babur ɗinsa kwaɗo biyu da dare, ya shigar da shi har cikin ɗaki. A wurin ɓarawo bai bar wa ƙaddara ba. Sai a wurin ƙafar matar wani ne ya zama mai tawakkali?

Masu babura, ku ma ga taku. Na sha ganin mutum ya cire rawaninsa ko ya nemo bargo ya lulluɓe tanki don kada fenti ya goge. Yana tsaye yana faɗa, "A hankali da fitilar nan! Kada ku karya mani madubi!" Bai ko dubi yarinyar da sandar tayarwa ke tokare wa haƙarƙari ba. Kuma idan aka ce ya zare mai, sai ya ce lita uku ce, asara ce. Ɗan kasuwar da ke kawo sababbin babura daga nesa a cikin kwali yake kawo su, babu ɗigon mai a ciki, an tallafe kowane da ƙarfe. Shi ya san darajar dukiyarsa. Ragon layya ma idan za a kai shi Maradi, ana duba ɗaurinsa sau biyu. Ashe ɗan Adam ne kaɗai ba shi da mai duba masa?

Yadda ya kamata a yi ba boyayye ba ne, kuma ba ya cin minti 20. A rufe makunnin mai, a bar injin ya yi ta aiki har ya mutu da kansa, don kafireta ta bushe. Man da ke tanki a zuƙe shi, a sayar wa masu mai na bakin tasha, ko a juye a tankin motar idan mai shan fetur ce. A bar salansa ta huce har a iya dafa ta da hannu. A fara loda babur kafin komai, ba a ƙarshe ba, a hau da shi ta kan katako mai ƙarfi maimakon ciccibar da ke karya bayan yara. A tsayar da shi a tsaye a kan tayoyinsa, tayar gaba ta tokari bangon bodi na bayan direba, a sa shi a giya ta ɗaya. Igiya huɗu: biyu daga ƙahonnin gaba zuwa kusurwoyin bodi na gaba, dama da hagu, a ja har gaban babur ya ɗan durƙusa, biyu daga baya zuwa kusurwoyin baya. Igiya ta gaske ko bel mai ƙugiya irin na manyan motoci, ba roba ba. Buhuna su zama katanga tsakaninsa da mutane. Kada kowa ya zauna a kansa, kada kowa ya zauna a gabansa. Jarkar mai ba ta shiga motar da ke ɗauke da mutane. Bayan an yi 'yar tafiya, direba ya tsaya ya sake jan igiyoyin, don girgiza tana sassauta su. Idan motar ta cika har ba za a iya yin haka ba, amsar ita ce babur ya kwana, ko mai shi ya nemi amalanke.

Wa zai tilasta? Na farko shugabannin tasha da sandikan direbobi. Ku ne kuke tsara layi, ku ne kuke karɓar kuɗin tasha a kan kowace mota. Wanda ya iya hana direba yin lodi ba a layinsa ba, ya iya hana shi fita da babur a kan mutane. Ku sayi bel guda goma ku aje a tasha, a riƙa ara ana mayarwa, ku sa tara a kan wanda ya ƙi. Na biyu masu tsaron shingayen hanya: mota ba ta wuce ku a ɓoye, da ido kuke ganin lodin. Duba takarda ba shi ne ƙarshen aiki ba, rayukan da ke bisa motar su ne dalilin tsayuwarku a rana. Na uku hukumomin garuruwanmu, da hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, ANISER: faɗakarwa kada ta tsaya a Yamai da bakin kwalta, ta shigo tashoshin ƙauye inda ake wannan lodin. Gidajen rediyon karkara su yi shiri a kai da bakin direbobi da bakanikai. Sarakuna da masu gari da limamai su faɗa a taro, don maganarsu ta fi tamu isa.

Mu fasinjoji kuma, mu daina jin kunyar kare ranmu. Kuɗinka ka biya, ba alfarma aka yi maka ba. Idan aka turo babur za a ɗora a kanku, ku yi magana baki ɗaya: a zare mai, a ɗaure, ko mu sauka. Mutum ɗaya idan ya faɗa za a ce ya cika tsoro. Mutum goma idan suka faɗa, direba zai nemo igiya. Samari, ku da kuke da baki, ku yi magana a madadin iyayenmu mata da ba sa iya musu da kamasho. Idan aka ce maka "riƙe mani", ka ce a'a, hannunka ba igiya ba ne.

Wanda ke da ɗan uwa direba ko karen mota ko ɗan kabu-kabu, ya karanta masa wannan, ko ya tura masa. Direbobin da ke ganin na yi musu rashin adalci, ga fili nan a ƙasa, ku faɗi naku, za mu saurara. Amma kafin kasuwa mai zuwa, kowace tasha ta samu igiya huɗu da katako ɗaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai matafiyanmu gida lafiya, Ya ba direbobinmu halak mai albarka.